Marie Antoinette: Gimbiyar da aka aurar domin ƙulla ƙawance

Ranar 21 ga watan Afrilun 1770 ne wani ayari na kekunan doki 57 ya tashi daga birnin Vienna ɗauke da wata amarya 'yar shekara 14. Ita ce Maria Antonia, ta 15 cikin 'ya'ya 16 na Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda tarihi ya fi sani da suna Marie Antoinette.

Auren dai na siyasa ne. Gidajen sarautar Ostiriya da Faransa sun daɗe ba sa ga maciji da juna, sai a 1756 suka ƙulla ƙawance, aka kuma ga babu abin da zai ƙarfafa shi kamar surukuta. Don haka aka ba da ita ga Louis Auguste, yarima mai jiran gadon Faransa, wanda ba ta taɓa gani ba. Kwana biyu kafin tafiyar aka ɗaura auren a Vienna, inda ɗan'uwanta Ferdinand ya wakilci ango.

Ranar 7 ga watan Mayu ayarin ya isa wani tsibiri a kogin Rhine, daura da Strasbourg, a kan iyakar Faransa. A nan aka miƙa ta, ta sauya tufafinta da irin na Faransawa, ta kuma yi ban kwana da masu rakiyarta. Mako guda bayan haka ta sadu da mijin nata mai shekara 15 a dajin Compiègne, aka yi bikin a fadar Versailles ranar 16 ga wata. Ba ta sake ganin mahaifiyarta ba har ta rasu a 1780.

A 1774 mijinta ya hau gadon sarauta da laƙabin Louis na 16. Sai dai shekaru takwas da ta yi ba ta haihu ba, da kuma zargin almubazzaranci a daidai lokacin da baitulmali ya yi ƙasa, sun zubar da ƙimarta. Fadawa da talakawa suka riƙa kallonta a matsayin baƙuwa mai kare muradun ƙasar iyayenta.

Bayan juyin juya halin 1789, an kama ta da iyalinta a garin Varennes a 1791 suna ƙoƙarin tserewa. Da Faransa ta ƙaddamar da yaƙi kan Ostiriya a 1792, asalin nata ya zame mata abin tuhuma, musamman da yake ta riƙa aika wa danginta bayanai a asirce. An fille kan sarkin a watan Janairun 1793, ita kuma kotu ta same ta da laifin cin amanar ƙasa.

Ranar 16 ga watan Oktoban 1793 aka fille mata kai a birnin Paris tana da shekara 37, yayin da ƙasashen biyu da aka aurar da ita domin haɗa kansu ke ci gaba da gwabza yaƙi.