Hatimul Asamm: Almajirin da Ya Shekara 33 a Kan Mas'ala Takwas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Abu Abdurrahman Hatim mutumin Balkh ne, tsohon birnin Khurasan da kufansa ke arewacin Afganistan a yau. Shehinsa shi ne Shaƙiƙul Balkhi, wanda shi kuma ya sha daga Ibrahim ɗan Adham, Allah Ya ƙara musu yarda.

Laƙabinsa, Al-Asamm, ma'anarsa kurma, alhali kuwa kunnensa lafiya lau. Imam Ƙushairi ya kawo dalilin a cikin Risalarsa. Wata mata ce ta zo masa da tambaya, tana cikin magana sai iska ta kuɓuce mata da ƙara, kunya ta rufe ta. Hatim ya nemi ta ɗaga murya, kamar mai nauyin ji. Matar ta tafi hankalinta kwance, tana zaton bai ji komai ba. Shi kuma sunan ya bi shi har kabari, bai damu ba.

Imam Gazali ya ruwaito a cikin Ihya'u cewa wata rana Shaƙiƙ ya tambaye shi tsawon zamansu tare, ya ce shekara 33. Ya tambaye shi abin da ya koya, ya ce mas'ala takwas. Shehin ya yi salati, ransa ya sosu: rayuwarsa ta ƙare tare da wannan almajiri, ga shi abin da ya kwasa bai cika yatsun hannu biyu ba. Hatim bai ƙara ko ɗaya don ya faranta masa ba, domin ya ƙi jinin ƙarya. Da ya ce ɗari ma da ba mai iya ƙirga masa.

Ta farko ita ce gindin sauran. Ya lura cewa kowa yana da abin ƙaunarsa, kuma kowane masoyi yana da inda rakiyarsa take tsayawa. Wani a bakin gadon jinya, wani a bakin kabari. Ana gama zuba ƙasa kowa ya kakkaɓe hannu ya koma gida. Sai ya nemi masoyin da zai shiga ramin tare da shi, bai samu ba sai aiki nagari, ya riƙe shi. Ba wanda ya taɓa raka gawa maƙabarta da bai ga wannan da idonsa ba. Mutane sukan mance kafin su iso ƙofar gida, shi kuwa ya zauna a kan abin har ya canja masa yadda yake kwana da yadda yake tashi.

Haka ya bi sauran. Ya ga mutane suna ɓoye abin da suka fi so don kada ya salwanta, sai ya riƙa aika nasa wurin Allah ta hanyar sadaka, inda ba ɓarawo ba gara. Ya ga ana cin naman juna, ya bi diddigin abin ya tarar hassada ce, ya tuna cewa Mai rabo Ya riga Ya raba, sai ya daina jin zafin abin hannun wani. Ya ga ana zubar da mutunci a kan loma, alhali Allah Ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba, sai ya shagala da abin da Allah ke binsa, ya bar abin da Allah Ya lamunce masa. Ragowar sun shafi saɓa wa son zuciya, da neman ɗaukaka ta taƙawa maimakon dukiya da asali, da riƙon Shaiɗan kaɗai a matsayin maƙiyi, da dogaro ga Allah. Kowace ɗaya ya jingina ta ga aya guda, irin ayoyin da yaro ke wankewa a allo tun bai san fassararsu ba.

Da ya gama, Shaƙiƙ ya yi masa addu'a, ya shaida cewa ya duba Attaura da Linjila da Zabura da Alƙur'ani, ya tarar duk alherin da ke cikinsu yana kewaya waɗannan takwas ɗin ne. Shaƙiƙ ya yi shahada a shekara ta 194 bayan Hijira.

Wanda ya daɗe yana tunani a kan abu kaɗan, idonsa yakan yi kaifi. A wata tafiya Hatim ya shiga Ƙazwin, wurin wani babban malami da ake kira Ɗanafisi, wanda ke zaune cikin daula da ƙawa. Ya gabatar da kansa a matsayin ba'ajame mai son a koya masa alwala. Malamin ya yi, yana wanke gaɓɓai sau uku-uku. Hatim ya zauna zai gwada, da ya zo kan hannu sai ya wanke sau huɗu. Nan take malamin ya ce ya yi almubazzaranci. Hatim ya yi tasbihi, ya tambaye shi yadda tafin ruwa guda ya zama almubazzaranci, amma duk wannan tarin da ke gidan bai zama ba. Malamin ya gane ba alwala ce ta kawo baƙon ba. An ce ya shige gida, kwana 40 bai fito wa jama'a ba.

Ya isa Bagadaza, Imam Ahmad ɗan Hanbal ya je ya same shi, ya tambaye shi yadda ake kuɓuta daga duniya. Amsar ma gajeriya ce: ya yafe wa mutane jahilcinsu, ya kame nasa daga gare su, ya ba su abin hannunsa, ya cire rai daga nasu. Magabata sun kira shi Luƙmanun wannan al'umma, kuma Ahmad ɗan Khidrawaihi yana cikin waɗanda suka yi tarbiyya a hannunsa.

Ya rasu a Washjird a shekara ta 237 bayan Hijira, wajen 851 Miladiyya. Allah Ya ƙara masa yarda, Ya amfanar da ƴan uwa da albarkarsa, amin.