Ernest Starling, Likitan Da Ya Gano Manzannin Jiki

Sa'ad da aka tura mu ƙauye gwajin koyarwa, na koya wa yaran aji shida cewa duk umarnin da ke tafiya cikin jikin mutum ta jijiyoyi yake bi, daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, kamar yadda saƙo ke bin waya. Sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya tambaye ni me ya sa in mutum ya ga maciji zuciyarsa takan daɗe tana bugawa, ko da an riga an kashe macijin. Ban san amsa ba, kunya kuwa ta sa na daka masa tsawa. Da na komo kwaleji na faɗa wa malaminmu na kimiyya. Bai ce mini kome ba, sai ya ara mini littafi. A ciki na gamu da mutumin da nake so in ba 'yan'uwana labarinsa.

An haifi Ernest Henry Starling a birnin Landan ran 17 ga Afrilu, 1866. Ubansa lauya ne mai aiki a Bombay ta ƙasar Indiya, saboda haka yaran suka tashi a Ingila nesa da shi. A 1882 ya shiga koyon likita a asibitin Guy, amma binciken yadda jiki ke aiki ya fi jan hankalinsa bisa ga duba marasa lafiya. A 1899 aka ba shi kujerar farfesa a kwalejin jami'a ta Landan. A can yake aiki tare da abokinsa William Bayliss, wanda ya auri 'yar'uwarsa Gertrude. Starling mutum ne mai zafin nama da saurin magana, Bayliss kuwa mai sanyin hali. Wannan bambanci ya amfane su ƙwarai.

Ga matsalar da suka sa a gaba. A bayan tumbi akwai wata tsoka doguwa da likitoci ke kira fankiriyas. In abinci ya bar tumbi ya shiga ƙaramin hanji, yakan zo da ruwa mai tsananin tsami. Nan da nan sai fankiriyas ta zubo wani ruwa da ke kashe tsamin, kamar yadda mata ke jefa kanwa a miyar yakuwa. To, wa ke gaya mata abinci ya iso? Babban masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya tsaya a kan cewa jijiyoyi ne, mutane kuwa suka bi shi, gama a zamanin nan ba wanda ya kai shi sanin sha'anin narkewar abinci.

Ran 16 ga Janairu, 1902, Starling da Bayliss suka sa wa wani kare maganin barci, suka ware wani yanki na hanjinsa, suka yanke jijiyoyin saƙo da ke zuwa wurin, suka bar hanyoyin jini kaɗai. Sa'an nan suka zuba ruwa mai tsami a cikin yankin. Fankiriyas ta zubo ruwanta kamar ba a yanke kome ba. Starling ya gane ashe saƙon ta jini ya bi. Bai tsaya nan ba. Ya kankare fatar cikin hanjin, ya niƙa ta da yashi da ruwan tsami, ya tace, ya yi wa karen allurarsa a jijiyar jini. Ba a jima ba ruwan fankiriyas ya kwararo. Suka sa wa abin suna sikiritin.

Da labari ya kai wa Pavlov, ya sa aka sake gwajin a ɗakin bincikensa. Da ya ga abin ya tabbata, sai ya yarda masu gwajin suna da gaskiya, ko da yake wannan ya rushe abin da ya daɗe yana koyarwa.

A 1905, cikin laccocin da ya yi wa ƙungiyar likitocin Landan, Starling ya kira irin waɗannan manzanni da sunan homon, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar zugawa ko tayarwa. Watau wata gaɓa ta haɗa sinadari ɗan kaɗan, ta zuba a jini, jini ya kai shi wata gaɓa mai nisa, ita kuma ta kama aiki.

Sai dai jini yana zaga jiki duka, me ya hana kowace gaɓa amsawa? A wannan shekara ta 1905 wani masani na Kambirij, John Langley, ya kawo shawarar cewa ƙwayoyin jiki suna da wani abu na musamman mai karɓar sinadari. Bincike na baya ya tabbatar da haka. Abin kamar mai shela ne a kasuwa: kowa yana wurin, amma wanda aka ambaci sunansa shi ke tashi. Kowane homon yana da makarɓinsa, kamar kwado da mabuɗinsa. In ya manne da makarɓin da ke bangon ƙwayar, makarɓin yakan sake siffa, ya tayar da wani manzo na biyu a ciki. Earl Sutherland na Amurka ya gano wannan manzo na biyu, aka ba shi kyautar Nobel a 1971. Wannan sani ya buɗe hanyar fahimtar ciwon sukari: wani jikinsa ba ya yin homon ɗin insulin, wanda aka samo a Toronto a 1921, wani kuwa yana yi, amma ƙwayoyinsa ba sa amsa kiran sosai.

Starling ya yi aiki mai yawa a kan zuciya ma, har akwai wata ƙa'ida ta bugunta da ake kira da sunansa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin kare sojoji daga iskar guba, aka tura shi Salonika a 1916. A 1920 aka yi masa aikin ciwon daji a hanji, daga nan lafiya ba ta sake zama masa sosai ba. Ya shiga jirgin ruwa don neman ƙasa mai ɗumi, ya rasu a cikin jirgin ran 2 ga Mayu, 1927, dab da Kingston ta Jamaika. A can aka binne shi. Bai sami kyautar Nobel ba.

Yanzu na san amsar yaron nan. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zuba homon mai suna adirenalin cikin jini in an firgita. Zuciya tana da makarɓansa, kuma ba za ta lafa ba sai jiki ya kawar da shi. Na rubuta wa hedimastan makarantar takarda, na roƙe shi ya karanta wa ajin, ya kuma gaya wa yaron tambayarsa mai kyau ce, ni ne ban sani ba. 'Yan'uwana malaman gobe, in Pavlov da girmansa ya sake gwaji ya karɓi gyara, mu da ba mu ko sami takardar shaida ba, kada mu rufe bakin yaro don tambayarsa ta fi ƙarfinmu.