Sergei Obraztsov: Malamin Da Ya Mai Da Wasan 'Yar Tsana Sana'a

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci 'yar tsana, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne wasan ƙananan yara mata, irin wanda akan gani a Nasarawa ta Birnin Kebbi ko a ƙofar gidajen Argungu, inda yarinya kan sami ƙashi ko kara ta yi masa ado ta goya. Dattawa kuwa sukan tuna da mai dabo na kasuwa, wanda kan shige ƙarƙashin riga ya miƙo 'yan tsanarsa ta sama, ya sāke murya ya sa su faɗa da sulhu, a yi dariya a jefa masa kwabo. Ba wanda ke ɗaukar wannan a matsayin aikin babban mutum. Haka abin yake a ƙasar Rasha ma, sai da aka sami wani mutum da ya ƙarar da rayuwarsa wajen sauya wannan ra'ayi.

An haifi Sergei Obraztsov a birnin Mosko a shekarar 1901. Mahaifinsa, Vladimir Obraztsov, shahararren injiniyan reluwe ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta. Tun yana ƙarami ta saya masa wata 'yar tsana irin wadda ake zura wa hannu, yatsa ɗaya ya riƙe kai, biyu su zama hannuwa. Da ya girma sai ya shiga babbar makarantar zane-zane ta Mosko da niyyar zama mai zane. A 1922 ya kama aiki a ɓangaren waƙe-waƙe na gidan wasan kwaikwayo na Mosko, ƙarƙashin Nemirovich-Danchenko, ya shekara takwas yana fitowa a dandamali, sa'an nan ya koma wani reshe na gidan har zuwa 1936. A duk tsawon wannan lokaci bai rabu da 'yan tsanarsa ba. Yakan nuna wa abokan aiki wasansu don raha, har mutanen gari suka fara biyan kuɗi don su gani.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu wasan shi ne ƙarancin kaya. Wani lokaci ƙwallo biyu na katako kawai yakan kafa a kan yatsunsa, tafin hannu ya zama jiki, ya nuna saurayi da budurwa suna zance, kowa ya gane kunyarsu da fushinsu. Akwai kuma jaririnsa mai suna Tyapa, wanda yakan rungume yana lallashi har ya yi barci. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ya riƙe har ƙarshen ransa, wato kada a ba 'yar tsana aikin da ɗan Adam zai iya yi fiye da ita. Amfaninta shi ne ta ɗauki hali guda na mutane, kamar rowa ko girman kai, ta fito da shi fili ƙarara.

A 1931 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kafa babban gidan wasan 'yar tsana a Mosko, aka ɗora shi a kan shugabanci yana ɗan shekara talatin. Da farko mutanen kaɗan ne, ba su ma da zauren kansu, sai su ɗauki kaya su bi makarantu da unguwanni. Wani abin lura shi ne, Obraztsov bai raina na gaba da shi ba. Rashawa suna da tsohon wasan kasuwa na wani tsagera mai dogon hanci da ake kira Petrushka, wanda a lokacin ya kusa ɓacewa. Aka jawo Ivan Zaitsev, ɗaya daga cikin tsofaffin da suka rage masu wannan wasa, ya zama ma'aikacin gidan, matasa suka ga yadda ake yi daga hannunsa. A 1937 suka sami zaure a dandalin Mayakovsky, a shekarar kuma aka buɗe ɗakin adana 'yan tsana, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya.

A 1940 gidan ya nuna wasan Aladin da fitilarsa, daga labaran Dare Dubu Da Ɗaya, aka kuwa shirya shi don manya. A nan aka yi amfani da 'yan tsana masu sanduna a hannu, dabarar da asalinta ke tsibirin Jawa, wadda ke ba su damar miƙa hannu da rausaya kamar masu rai. Da Jamus ta kai wa ƙasar hari a 1941, aka kwashe gidan zuwa Novosibirsk, amma aiki bai tsaya ba, don an rarraba 'yan wasa zuwa asibitoci da sansanonin soja.

Wasan da ya fi fito da sunansa ya zo a 1946. 'Yan tsana ne ke kwaikwayon mawaƙa marasa murya da makaɗa masu fahariya, ga kuma wani sanƙira mai cika baki yana gabatar da su. Sunan wasan na farko yana nufin shagali irin wanda aka saba gani. Wannan bai yi wa manyan ma'aikatan al'adu daɗi ba, suka ɗauke shi ɓatanci ga mawaƙan ƙasa, a zamanin Stalin kuwa irin wannan zargi ba abin wasa ba ne. Obraztsov ya yarda aka sauya suna ya koma shagalin da ba a saba gani ba, aka yi gyare-gyare, wasan ya tsira. Daga baya an nuna shi fiye da sau 10,000. Zinovy Gerdt, wanda ke yi wa sanƙiran murya, yakan haddace maganarsa cikin harshen ƙasar da suka je, don masu kallo su ji da kunnensu.

Koyarwa ita ce rabin aikinsa na biyu. A 1950 ya wallafa littafi kan sana'arsa, inda ya bayyana kurakuransa na farko filla-filla don na baya su amfana. Masu wasa daga garuruwan Sobiyet da ƙasashen waje suka riƙa zuwa gidansa neman horo. A 1973 aka ba shi matsayin farfesa a babbar makarantar wasan kwaikwayo ta Mosko. Daga 1976 zuwa 1984 ya shugabanci UNIMA, ƙungiyar masu wasan 'yar tsana ta duniya wadda aka kafa a birnin Prag a 1929. Kafin haka, a 1970, gidan ya tare a sabon gini mai agogo a goshinsa, agogon na da ƙofofi goma sha biyu, kowace sa'a wata dabba ta leƙo.

Obraztsov ya mutu ran 8 ga watan Mayu, 1992, bayan ya shekara fiye da sittin yana riƙe da gida ɗaya, gidan kuma yanzu sunansa yake amsawa. Ya tarar da wasan a kasuwa, ya bar shi da albashi, da littafi, da ɗalibai, da ɗakin ajiya. Hanyar da ya bi kuwa ba ta gagari kowa ba: ya nemo tsohon da ya san abin tun yana raye, ya adana kayansa, ya sa yara su koya. Ga ma'aikatan al'adu da ɗaliban ƙasar nan, musamman a jihar da ke da gidan tarihi na Kanta a Argungu, wannan abin dubawa ne game da mai dabo da 'yan tsanarsa.