Wilson Bentley, Manomin Da Ya Ɗauki Hoton Dusar Ƙanƙara

A wannan fitowa na ga ya dace in kawo mana tarihin wani manomi ɗan ƙauye a ƙasar Amurka mai suna Wilson Bentley. Bai yi sarauta ba, bai kuma bar dukiya ba. Abin da ya sa ake ambatonsa har yau shi ne ya shafe shekara 46 yana ɗaukar hoton wani abu wanda sau da yawa bai wuce ƙwayar dawa girma ba, da kayan da ya harhaɗa da hannunsa a rumfar ajiye itace. Ni da na tashi a gidan noma a Rijiyar Zaki na san cewa yawancin abin da ke cinye mana amfanin gona ido ba ya iya tantance shi, shi ya sa labarin mutumin ya shiga raina.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Wilson Alwyn Bentley ran 9 ga Fabrairu, 1865, a ƙauyen Jericho cikin jihar Vermont, can arewa maso gabashin Amurka, lokacin da yaƙin basasar ƙasar yake gab da ƙarewa. Gidansu gidan noma ne da kiwon shanun madara, a gindin duwatsu inda sanyi yake daɗewa, dusar ƙanƙara ta yi wata da watanni tana zuba. Mahaifiyarsa tsohuwar malamar makaranta ce, ita ta karantar da shi a gida har ya kai shekara 14. Karatun nasa bai yi zurfi ba, jami'a kuwa ko ƙofarta bai taka ba a matsayin ɗalibi.

Da yake da yawanmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, bari in ɗan yi bayani. Ta sha bamban da ƙanƙarar nan da kan faɗo mana jefi-jefi da damina ta huda ganyen dawa. Ita dusar tururin ruwa ne yake daskarewa kai tsaye a cikin gajimare, ya zama wani ɗan falle mai kusurwa shida, wani lokaci da rassa kamar an yi masa zane. Numfashin mutum kaɗai ya isa ya narkar da shi.

Yana da shekara 15 mahaifiyarsa ta ba shi wani tsohon madubin likita. Ya duba fure, ya duba gashin tsuntsu, amma da ya ɗora fallen dusar ƙanƙara a ƙarƙashinsa sai hankalinsa ya tsaya a nan. Ya shiga zana abin da yake gani da fensir, ya yi zane ɗaruruwa, sai dai kafin ya gama ɗaya abin ya ɓace daga kan gilashi. To, sai ya ji labarin ana iya haɗa kyamara da madubin likita. Mahaifiyarsa ta matsa har aka saya masa kayan a kan kuɗi wajen dala 100, wanda a gidan manomi na wancan zamani kuɗi ne masu nauyi. Mahaifinsa dai gani yake ɓata lokaci ne kawai, ga shanu suna jiran tatsa.

Ba wanda zai koya masa, don a ƙauyen babu wanda ya san aikin. Ya fi shekara yana gwadawa yana tashi a banza. Sai ran 15 ga Janairu, 1885, yana da shekara 19, ya wanke farantin hoto ya ga fallen dusar ƙanƙara ya fito sarai. A wannan shekara Sarkin Kano Muhammadu Bello ne a kan gado. Bentley yana cikin mutane na farko a duniya da suka yi wannan aiki, kuma babu wanda ya kai shi nacewa a kai.

Yadda yake aikin

Waɗanda ba su manta darasin haske ba a ajin Fiziks za su tuna cewa idan aka matso da abu kusa da gilashin kyamara, aka kuma nisanta gilashin daga inda hoto yake sauka, to hoton zai ƙara girma. Kyamarar Bentley irin ta da ce, mai jiki kamar zugazugin maƙera, ana miƙe ta ana naɗe ta. Sai ya kwantar da madubin likita ya haɗa bakinsa da bakin kyamarar, ya miƙe zugazugin ya yi tsawo. Amma girman nan yana zuwa da wahala iri uku. Haske yana raguwa ƙwarai. Wurin da yake fitowa tas a hoton yana zama siriri kamar takarda, ɗan kuskure kaɗan sai komai ya yi dishi-dishi. Sannan duk wata girgiza, ko ta takun ƙafa ce, ita ma girma take yi.

Kowace matsala ya samo mata dabara daga abin da ke gidan. Ba shi da lantarki, don haka ya fuskantar da na'urar ga taga ya yi amfani da hasken sararin sama, ya riƙa barin kyamara a buɗe daga daƙiƙa 8 har fiye da minti ɗaya. Da ya ga tsawon kyamarar ya hana hannunsa kaiwa ga maɓallin saita madubi, sai ya haɗa 'yan gargare na katako da zare, yana tsaye a baya yana ja yana saitawa. Idan dusa ta fara zuba yakan fita da baƙin allo ya tare ta, ya shigo rumfa inda ba a hura wuta, ya zaɓi falle mai kyau, ya ɗaga shi da tsinken tsintsiya, ya kwantar da shi a kan gilashi da gashin talotalo, duk yana kau da numfashinsa gefe. A cikin wannan sanyi yake tsayawa awa da awanni.

Wani abu da ya raba shi da mai wasa shi ne rubutu. Kowane hoto yana da lamba, kuma yana da littafi inda yake shigar da kwanan wata, da ƙarfin sanyi, da inda iska take fitowa. Mu da muke aikin ofis mun san bambancin fayil da aka kula da shi da wanda aka bari kara zube. Wannan littafi ne ya mai da hotunansa ilmi. Kafin ya rasu ya tara hotuna fiye da 5,000, kuma bai taɓa samun biyu da suka zo iri ɗaya sak ba. Daga wajensa ne maganar nan ta bazu a duniya cewa kowane falle da kamanninsa.

Fitowar sunansa

Ya yi shekara 13 yana wannan aiki ba wanda ya sani sai maƙwabta, su ma kallon mai taɓin hankali wasu suke yi masa. Sai wani shehun malami na Jami'ar Vermont, George Perkins, ya ga hotunan, ya taimaka masa suka buga maƙala ta farko a 1898. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya yi rubutu a mujallar hukumar kula da yanayi ta Amurka, da mujallar National Geographic, makarantu da jami'o'i kuma suka riƙa sayen hotunansa a kan kuɗi ƙalilan don koyarwa. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ya ba cibiyar Smithsonian da ke Washington kyautar hotuna 500 don kada gobara ko wani tsautsayi ya hallaka su. A 1924 ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta ba shi tallafin bincike na farko da ta taɓa bayarwa. Dala 25 ne kacal.

Da damina, lokacin da babu dusa, ya koma kan ruwan sama, kuma a nan ne na fi ganin basirarsa. Yana so ya san girman ɗigon ruwa, alhali ba a iya kama shi a auna. Sai ya zuba garin fulawa a faranti, ya miƙa shi cikin ruwa na 'yan daƙiƙoƙi. Kowane ɗigo da ya faɗa sai ya dunƙule ya zama ɗan curi, idan ya bushe a tsince shi a auna. Don ya tabbatar, ya riƙa ɗiga ruwan da ya san girmansa a cikin garin yana kwatantawa. Daga 1898 zuwa 1904 ya yi awo 344 daga ruwan sama 70, ya buga sakamakon. Masana suka yi biris da shi kusan shekara 40, sai a 1943 masu binciken zaizayar ƙasa a Amurka suka koma ga dabarar garin fulawa, domin girman ɗigo da ƙarfin faɗuwarsa su ne suke fasa ƙasar gona ruwa ya kwashe ta.

Sukar da ya sha

Tarihi ba ya cika sai an faɗi inda aka soki mutum. Bentley yakan zaɓi fallen da ya fi kyau ne, ya bar karyayyu da gurɓatattu, alhali su ne suka fi yawa a cikin abin da yake faɗowa. Kuma yakan ɗauki kwafin farantin hoto ya kankare gefen fallen da wuƙa, don ya fito fari a kan baƙi. Wani masanin yanayi na Jamus, Gustav Hellmann, wanda ya sa aka ɗaukar masa irin waɗannan hotuna a 1892 ba tare da gyara ba, ya zarge shi da ƙawata gaskiya. Bentley ya tsaya a kan cewa gyaran nasa datti yake cirewa, ba ya canza siffar abin. An daɗe ana wannan jayayya. A nawa ganin kowannensu yana da hujja: wanda yake son sanin yadda dusa take zuba a kullum, hotunan Jamusawa sun fi gaya masa gaskiya, amma hotunan Bentley ne suka sa duniya ta waiwayi abin. Yanzu da kowa yake iya gyara hoto a waya, tambayar ta fi da nauyi.

Rasuwarsa

Bai taɓa aure ba, bai kuma bar gidan da aka haife shi ba. Ya ci gaba da noma, yana kaɗa fiyano, yana tara yaran ƙauye yana nuna musu hotuna. Da ya manyanta, wani masani na hukumar yanayi, William Humphreys, ya tsaya aka tattara aikinsa a littafi guda mai suna Snow Crystals, mai ɗauke da hotuna fiye da 2,400. Littafin ya fito a Nuwamba 1931. Bayan 'yan makonni Bentley ya taka zuwa gida cikin guguwar dusa, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ran 23 ga Disamba, 1931, yana da shekara 66.

Littafin ya isa hannun wani masanin Fiziks na Japan, Ukichiro Nakaya, wanda a 1936 ya ƙera fallen dusa na farko a ɗakin gwaji, ya nuna cewa ƙarfin sanyi da yawan laima su ne suke tsara siffarsa. Abin da Bentley ya hango ke nan a cikin littafinsa na awo. Kyamararsa da madubinsa suna nan a gidan tarihin Jericho.

Mu fa?

Wani zai ce mu da ba mu da dusar ƙanƙara, ina ruwanmu? Ai ƙananan abubuwa sun fi shafarmu. Cutar kuturtar gyaɗa da ta ɓarke a 1975, ta haɗu da fari ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, wani ɗan ƙwaro ne da ke maƙalewa a bayan ganye yake yaɗa ta. Irin ƙuduji kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubbai, su yi shekaru a ƙasa suna jiran dawa. Tsutsar masara da ta shigo mana a 2016 ana gane ta ne da alama kamar harafin Y a kife a kanta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Manomin da ya iya ɗaukar hoton wannan ya tura wa malamin gona, ya tsira daga sayen maganin da ba shi ne ba. Hatta ƙurar hunturu da muke gogewa a tebur, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da ɓurɓushin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa tun zamanin da Tafkin Chadi yake da faɗi.

Kayan aikin kuwa sun fi na Bentley sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗan gilashin da ke cikin mataccen DVD, idan aka ɗaure shi a bakin kyamarar waya da robar ɗaure kuɗi, yana nuna gashin ƙafar tururuwa. Mai tsohuwar kyamara idan ya cire gilashinta ya juya shi baya ya koma gaba, zai ga abin mamaki. Sharuɗɗan dai su ne na 1885: a sami haske mai kyau na safe, a ɗora waya a kan littattafai don kada hannu ya girgiza, a matsa a hankali har hoto ya fito, sannan a rubuta rana da wuri. Gwajin garin fulawa kuwa ko yaron firamare zai iya yinsa a tsakar gida.

Yawancinmu yanzu iyaye ne, wasunmu kuma sun gaji malamanmu a aji. Idan muka ga yaro ya tsuguna yana kallon tururuwa ko raɓa a kan yanar gizo-gizo, kada mu yi saurin kora shi. Mu ba shi gilashi da littafin rubutu, kamar yadda mahaifiyar Bentley ta yi, mu ga abin da zai samo mana a gonakin Rijiyar Zaki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.