Ettore Bugatti

Ettore Arco Isidoro Bugatti (15 ga Satumba 1881 – 21 ga Agusta 1947) maƙerin motoci ne haifaffen ƙasar Italiya, wanda ya yi shekaru masu yawa na rayuwarsa a yankin Alsace. Shi ya kafa kamfanin Bugatti a garin Molsheim a shekarar 1909. Motocin da kamfanin ya ƙera a zamaninsa ba su wuce 8,000 ba, amma kaɗan daga cikinsu suna cikin tsofaffin motoci mafi tsada a duniya a yau.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Milan, a gidan masu sana'ar hannu. Mahaifinsa Carlo Bugatti ya shahara wajen zana kujeru da kayan ɗaki, ƙanensa Rembrandt kuma masassaƙi ne da ya ƙware a siffofin dabbobi. Ettore bai yi karatun injiniya a jami'a ba. Ya koyi aiki ne a kamfanin Prinetti & Stucchi, masu ƙera kekuna da babura masu taya uku, kuma a 1901 wata mota da ya haɗa ta ci kyauta a baje kolin Milan. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin De Dietrich na Alsace ya ɗauke shi aiki. Da yake bai cika shekara 21 ba, mahaifinsa ne ya sa hannu a takardar yarjejeniyar. Ya kuma yi aiki da kamfanin Deutz a birnin Cologne kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Lokacin da ya buɗe masana'antarsa, Molsheim tana ƙarƙashin Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Faransa, shi ya sa ake lissafa Bugatti a kamfanonin Faransa.

Type 35

Motar da ta ɗaga sunansa ita ce Type 35, ƙaramar motar tsere mara nauyi da ta fara fita a gasar Lyon ta 1924. Ta ci tsere fiye da dubu. Ta lashe gasar Targa Florio ta tsibirin Sisili shekara biyar a jere, daga 1925 zuwa 1929, kuma da ita William Grover-Williams ya ci gasar Monaco ta farko a 1929. Bugatti yana sayar da ita ga duk mai kuɗin saya, ba direbobin kamfani kaɗai ba, don haka aka ƙera ɗaruruwanta. In ana maganar tasiri a tarihin mota, babu wata Bugatti da ta kai ta.

Royale

Type 41, wadda aka fi sani da Royale, ya ƙera ta ne domin sarakuna. Tsawonta ya haura mita 6, nauyinta ya wuce tan 3, injinta mai silinda takwas lita 12.7 ne. A gaban motar akwai siffar giwa tsaye kan ƙafafunta na baya, aikin ƙanensa Rembrandt wanda ya mutu tun 1916. Ya yi niyyar ƙera guda 25, sai karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta riske shi. Shida kawai aka kammala, uku aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya cikin masu sayen. Na farkonsu, Armand Esders, attajiri mai masana'antar tufafi, ya karɓi tasa a 1932 ba tare da fitilu ba, domin ba ya da niyyar tuƙi da dare. A daidai wannan zamani Rolls-Royce ta sayar da Phantom II fiye da 1,600.

Abin da ya rage asarar shi ne jirgin ƙasa. Bugatti ya ɗora injinan Royale a kan taragu masu tuƙa kansu, ya sayar wa hukumomin jiragen ƙasa na Faransa daga 1933, kuma ɗaya daga cikinsu ya yi gudun kilomita 196 a awa a 1934.

Duka shidan suna nan har yau, kodayake wasu da kyar suka tsira. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu iyalin sun gina bango sun ɓoye waɗanda ba a sayar ba a gidansu na Ermenonville. A 1950 Ba'amurke Briggs Cunningham ya sayi biyu daga hannun 'yar Ettore, kuma cikin abin da ya biya har da firji, wanda ke da wuyar samu a Faransa bayan yaƙi. Wata kuma sai a wurin 'yan gwangwan a New York aka tsinto ta, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a Amurka. Biyu suna gidan tarihin motoci na Mulhouse. A 1987 kamfanin Christie's ya yi gwanjon ɗaya daga cikin na Cunningham a Landan kan fam miliyan 5.5, farashin da babu motar da ta taɓa kaiwa a gwanjo kafin nan.

Atlantic da Jean Bugatti

Ɗansa Jean ne ya zana Type 57 Atlantic, wadda aka ƙera guda huɗu kacal tsakanin 1936 da 1938. Ana gane ta da ƙundu mai ƙusoshi da ya ratsa bodinta daga gaba har baya. Ɗaya ta ɓace a farkon yaƙi, ba a sake ganinta ba. Ɗaya tana hannun ɗan kasuwar tufafi Ralph Lauren, wata kuma rahotanni sun ce an sayar da ita sama da dala miliyan 30 a 2010. Type 35 da ta ci duk waɗancan gasa ba ta kusanci wannan kuɗi, saboda masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan ƙarancin mota da kyan ƙirarta da tarihin masu ita fiye da abin da ta yi a filin tsere.

Ƙarshen rayuwa

Ma'aikata suna kiransa maigida, kuma haka yake tafiyar da Molsheim, da dawakansa da masaukin baƙinsa, tamkar gandunsa. Yajin aikin 1936 ya ɓata masa rai ƙwarai, ya koma Faris da zama ya bar wa Jean masana'antar. Kamfanin ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1937 da 1939. Ranar 11 ga Agusta 1939 Jean ya mutu yana da shekara 30, a lokacin da yake gwada motar da ta ci gasar, ya kauce wa wani mai keke ya daki bishiya.

Da Jamus ta mamaye Alsace a 1940, an tilasta wa Ettore sayar da masana'antar. Ya zama ɗan ƙasar Faransa a 1946, kuma sai a 1947 kotu ta mayar masa da ita, yana kwance ba lafiya. Ya mutu a asibiti a Neuilly-sur-Seine, aka binne shi a Dorlisheim kusa da Molsheim. Kamfanin bai farfaɗo ba, Hispano-Suiza ta saye shi a 1963. Volkswagen ta sayi sunan Bugatti a 1998, ta dawo da ƙera motoci Molsheim.