Hans Kosterlitz: Baƙon Da Ya Gano Maganin Zafi A Cikin Jikin Mutum

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani masani wanda ƙasarsa ta kore shi, wata ƙasa ta karɓe shi, kuma bai yi babban aikinsa ba sai da ya haye shekara 70. Sunansa Hans Kosterlitz.

An haife shi a birnin Berlin na ƙasar Jamus a shekarar 1903. Mahaifinsa likita ne, shi ma ya bi sawunsa, har ya sami aiki a babban asibitin Charité. Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka fara korar Yahudawa daga ayyukan gwamnati. Kosterlitz kuwa jinin Yahudawa ne, saboda haka ƙofa ta rufe masa. A 1934 ya yi ƙaura zuwa Aberdeen a ƙasar Sikotilan, wurin Farfesa Macleod, ɗaya daga cikin waɗanda aka ba lambar Nobel saboda insulin, maganin ciwon sukari. Bayan shekara guda Macleod ya rasu, amma jami'ar ba ta sallami baƙon ba. Ya yi aure a 1937, a can kuma ya zauna har ƙarshen ransa.

Da farko bincikensa a kan hanta ne da yadda jiki yake sarrafa sukari. Daga baya ya juya ga mofin, maganin nan mai ƙarfi da ake ba masu matsanancin ciwo, wanda ake samu daga wani tsiro. Yakan ɗauki ɗan yankin hanjin ɓeran Masar, ya sa masa lantarki kaɗan, hanjin ya riƙa motsi. In ya ɗiga mofin sai motsin ya lafa. In ya ƙara wani magani mai suna naloson, mai karya ƙarfin mofin, sai motsin ya dawo. Shekaru ya yi yana wannan awo da haƙuri, ba tare da duniya ta san da shi ba. Bai zama farfesa ba sai 1968, yana da shekara 65.

A 1973 masana a Amurka da Suwidin suka tabbatar cewa akwai wurare na musamman a ƙwaƙwalwa inda mofin yake kamawa, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwado. Tambayar da ta dami Kosterlitz ita ce: don me jikin mutum zai kasance da kwadon da mabuɗinsa yake cikin tsiro? Lalle akwai mabuɗi na asali a cikin jikin kansa.

A wannan shekara ya yi ritaya, amma maimakon ya koma gida ya huta, sai ya buɗe sashen bincike a kan magungunan da ke kama mutum. Abokin aikinsa, saurayi mai suna John Hughes, shi ne yake sammako zuwa mayanka ya kwaso ƙwaƙwalwar aladu, ya tace ta. Abin da suka tato ya kwantar da motsin naman gwaji kamar mofin, naloson kuma ya karya shi. A watan Disamba 1975 suka buga sakamakon a mujallar Nature: ƙananan sinadarai guda biyu, kowanne sarƙa ce mai ƙwaya 5 ta amino asid. Suka raɗa musu suna enkefalin, daga kalmar Helenanci mai nufin abin da ke cikin kai. Kosterlitz yana da shekara 72 a lokacin. A 1978 aka ba shi lambar Lasker tare da Hughes da Solomon Snyder.

An yi fatan wannan zai kai ga maganin zafi wanda ba ya bautar da mai shansa. Fatan bai cika ba, domin magungunan da aka kwaikwaya daga enkefalin su ma jiki yana sabawa da su. Duk da haka binciken ya bayyana mana abin da yake cin 'ya'yanmu. Kodin da tiramadol suna shiga wannan kwado ne, in an yawaita su jiki ya saba, har ya kasa zama lafiya sai da su. Shi ya sa a 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ƙwaya ta kama yana bukatar likita, da addu'a, da ikkilisiyar da ba za ta juya masa baya ba.

Kosterlitz ya rasu a Aberdeen a 1996, yana da shekara 93. Ɗansa Michael ya sami lambar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2016.

Mu tuna Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Dattawan da ke zaune a bencin gaba a majami'unmu ba su gama aiki ba tukuna, baƙin da rikici ya koro zuwa garuruwanmu kuwa ba mu san baiwar da suke ɗauke da ita ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓarsu. Amin.