Marigayi David Bowie: Tauraron Da Ya So Ya Ɓuya Cikin Ƙungiya

An haifi David Robert Jones a unguwar Brixton ta birnin Landan ran 8 ga Janairu, 1947. Da sunan David Bowie duniya ta san shi, musamman bayan faifansa na Ziggy Stardust a shekarar 1972. A 1983 faifansa mai suna Let's Dance ya yi kasuwa ainun, har manyan filayen wasa suka riƙa cika maƙil dominsa.

To, amma wannan ɗaukaka ba ta kawo masa kwanciyar rai ba. Faya-fayan da ya fitar a 1984 da 1987 sun sha suka, shi kansa kuma ya lura cewa ya koma yi wa kasuwa waƙa. Saboda haka a 1988 ya haɗa kai da Reeves Gabrels mai kaɗa gita, da wasu 'yan'uwa biyu, Tony da Hunt Sales, suka kafa ƙungiyar Tin Machine.

Sharaɗinsu shi ne babu ubangida, babu yara. Kuɗin da aka samu a raba huɗu daidai wa daida, ganawa da 'yan jarida ma a raba ta tsakaninsu. Bowie ya tara gemu, ya sa baƙar kwat irin ta abokansa, ya bar tsofaffin waƙoƙinsa, suka shiga wasa a ƙananan zauruka.

Faifansu na farko ya kai na uku a Ingila a 1989, amma na biyu, a 1991, bai wuce na 23 ba. Masu iya magana sun ce in ana babbakar giwa ba a jin ƙaurin zomo. Jama'a Bowie suke zuwa kallo, 'yan jarida shi suke nema, wasunsu ma ba'a suka riƙa yi masa. A 1992 ƙungiyar ta watse.

Duk da haka wahalar ba ta faɗi banza ba. Zaman nan ne ya maido masa da sha'awar sana'arsa, ya kuma ci gaba da aiki tare da Gabrels har 1999. Bowie ya rasu a birnin New York ran 10 ga Janairu, 2016, kwana biyu bayan fitowar faifansa na ƙarshe, Blackstar, yana da shekara 69.